Ciyawar Ado a Lambu: Yadda Ake Zaɓa, a Dasa, a Kula da Ita

Wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ciyawa a matsayin abin da ake nomewa a zubar. Shi ya sa in ka ce wa mutum ka sayo ciyawa, ka haƙa mata rami, har kana ba ta ruwa, sai ya dube ka sau biyu. Amma akwai ciyayin da ake shukawa don kyan gani kawai. Wata ganyenta shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa masa toka, wata ja mai duhu, wata kuma ta fitar da zangarniya mai laushi irin wutsiyar kyanwa, iska na kaɗawa tana rausaya. Fure yakan yi mako biyu ko uku ya kaɗe, ita kuwa ciyawar ado tana riƙe da kyanta wata da watanni, ko ta bushe ma ba ta muni.

Na kashe da yawa da hannuna kafin na gane halinta: ba ta son lele. Kusan duk waɗanda suka mutu mini ba ƙishirwa ce ta kashe su ba. Ko dai ruwa ya yi yawa, ko taki ya yi yawa, ko na binne su da zurfi. Babban aikin ana yin sa ne kafin dashe, wajen zaɓen iri da zaɓen wuri. In ka dace a nan, abin da ya rage bai wuce aski sau ɗaya a shekara ba, da rabon gindi bayan 'yan shekaru.

Mataki na 1: Duba saiwa kafin ganye ya ruɗe ka

Ta fuskar zama a ƙasa, ciyayin ado kashi biyu ne. Akwai masu zama a gindi ɗaya: inda ka ajiye su nan za ka same su, sai dai gindin ya riƙa ƙara faɗi kaɗan-kaɗan kowace shekara. Akwai kuma masu yaɗo, waɗanda ke tura jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, ta yi tafiyarta ba ka sani ba, ta ɓullo a wani wuri. In lambunka ƙarami ne, ko akwai wasu shuke-shuke a kusa, kashin farko shi ne naka.

Ni na ɗanɗana kuɗata a hannun kashi na biyu. Na ga wata ciyawa a tukunya, ganyenta kore daga ƙasa, daga tsakiya zuwa sama kuwa ja wur kamar an tsoma shi a jini. Ana kiranta 'Red Baron'. Sai daga baya na gane ashe tofa ce, Imperata cylindrica, aka zaɓo mai jan ganye. Kyan ɗan maciji ke nan. Na dasa gindi uku. A shekara ta biyu sai ga tsiro taku huɗu daga inda na dasa, kuma kore shar, jan ya tafi, ta koma halin iyayenta. Jijiyar tofa fara ce mai tauri, bakinta da tsini kamar allura, tana iya huda saiwar wata shuka ta wuce, kuma duk guntun da ya karye ya saura a ƙasa sabuwar ciyawa ce. Sai da na shekara biyu ina tono.

Gane mai yaɗo ba wuya. Ka kife tukunyar a tafin hannunka, ka zare shukar a hankali. In ka ga fararen jijiyoyi masu kauri suna zagaye bango, kuma sabon toho yana fitowa a gefe-gefe nesa da tsakiya, to mai yaɗo ce. In ka nace sai ita, ka yi mata kurkuku: ka yanke gindin babban bokitin roba ka binne shi, ko ka kewaye ta da roba mai kauri zuwa zurfin santimita 45 zuwa 60, ka bar kamar santimita 5 a sama da ƙasa don kada jijiya ta tsallake.

Wata kuma ba ta jijiya take guduwa ba, ta iri ne. Koriyar Pennisetum setaceum tana zubar da 'ya'ya ba iyaka, ta mamaye filaye a tsibiran Hawai, kuma Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin tsirran da aka hana sayarwa a 2017. 'Yar'uwarta mai jan ganye da ake kira 'Rubrum' kusan ba ta yin irin da zai tsira, shi ya sa ta fi aminci. Gamba ma da aka kai arewacin Ostireliya don kiwo a shekarun 1930, yau ta zama annoba a can, saboda wutar dajin da take haddasawa tana cinye har manyan itatuwa, kuma a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Ciyawar da take zaune lafiya a wata ƙasa tana iya zama bala'i a wata, don haka ka bincika abin da dokar inda kake ta ce kafin ka shigo da baƙon iri.

Mataki na 2: Ta zafi ce ko ta sanyi?

Nan ne hotuna ke yaudarar mutane. Wasu ciyayin sun fi girma idan yanayi yana tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, zafi na tsananta sai su tsaya cak. Wasu kuwa sai zafi ya kai digiri 27 zuwa 35 sannan suke jin daɗi. In ka kai ta sanyi ƙasa mai zafi da laima, ba ban-ruwa ko takin da zai cece ta.

Cikin na sanyi akwai Festuca glauca, 'yar dunƙule mai shuɗin ganye kamar allurai, tsayinta santimita 20 zuwa 30. Akwai Calamagrostis 'Karl Foerster', wadda aka sa wa sunan wani masanin lambu Bajamushe da ya rasu a 1970. Tana miƙewa sambal kamar kibiya har mita ɗaya da rabi, ba ta kwanciya, ba ta kuma zubar da irin da zai dame ka. Hakonechloa macra ta Japan gajeriya ce mai zubowa gefe ɗaya kamar ruwa, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ke son inuwa.

Na zafi sun fi yawa, sun kuma fi girma. Miscanthus sinensis, 'yar asalin Sin da Japan da Koriya, takan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma nau'inta 'Zebrinus' yana da zane rawaya a gicciye kamar jikin jakin dawa. Muhlenbergia capillaris ta Amurka ba ta da wani abin kallo yawancin shekara, amma in ta yi fure sai ka ga kamar hayaƙi ruwan hoda ya sauka a kanta. 'Rubrum' da na ambata takan kai kusan mita ɗaya, tana son zafi sosai, ƙanƙara kuwa da zarar ta taɓa ta sai ta mutu. Cymbopogon citratus, mai ƙamshin lemun tsami in an murza ganyenta, tana yin gindi mai kyan siffa. Jema tana tsayawa ƙyam, saiwarta na nitsewa mita biyu zuwa uku, don haka ba ta da na biyu a gangaren da ruwa ke zaizayewa. Har gero an fitar masa da na ado: 'Purple Majesty', mai ganye da zangarniya ja mai duhu kusan baƙi, wanda ya ci lambar zinariya a gasar sababbin irin shuka ta Amurka a 2003. Shi na shekara ɗaya ne, kowace shekara sai an sake shukawa.

Sai babbar yaya, ciyawar Pampas, Cortaderia selloana ta Kudancin Amurka, mai farin tuntu da ke kai mita uku. Kowa ita yake so. Ni ba na ba mai ƙaramin lambu shawarar ya dasa ta. Gindinta yakan yi faɗin mita biyu, ganyenta na yanka kamar reza, cire ta kuma aikin ƙarti ne.

Mataki na 3: Wuri

Yawancinsu suna bukatar rana ta awa shida ko fiye a yini. A inuwa sukan yi tsawo ba ƙwari, su kwanta, masu launi su koɗe, zangarniya ta ƙi fita. In wurin da kake da shi inuwa ne, nemi dangin Carex. Su ba ciyawa ba ne na ainihi, kama ce kawai: murza karan tsakanin yatsu biyu, za ka ji kusurwa uku, alhali karan ciyawa mulmulalle ne.

Abu na biyu shi ne tsanewar ruwa. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsane, ka sake cikawa. In bayan awa huɗu zuwa shida har yanzu ruwa na kwance, ƙasar tana riƙe ruwa da yawa. Ko dai ka ɗaga wurin ka yi tudu mai tsayin santimita 15 zuwa 20, ko ka zaɓi mai jure danshi irin su Miscanthus da jema. Ƙasa mai yashi, wadda sauran shuke-shuke ke rainawa, yawancin ciyayin ado sun fi son ta.

Akwai wani sirri da ba a cika faɗa ba. Kyan ciyawa yana fitowa ne idan rana tana bayanta. Tsaya inda ka saba zama da safe ko da la'asar, ka dubi inda rana take ƙasa-ƙasa, ka dasa ciyawar tsakaninka da ita. Zangarniyar da take fari-fari ba armashi da tsakar rana, da yamma sai ta kama haske kamar an kunna ta. Masu kaifin ganye kuma ka nisanta su da hanya da wurin wasan yara, manya masu bushewa ka ba su tazara daga bango, taga da duk inda ake hura wuta.

Mataki na 4: Kashe ciyawar banza tukuna

Kada ka yi gaggawa a nan, don shi ne matakin da ba ya gyaruwa daga baya. In ciyawar banza ta fito a tsakanin furanni, kana gani ka cire. In ta shiga cikin gindin ciyawar ado kuwa, ganye ya haɗu da ganye, saiwa ta sarƙe da saiwa, ba ka da yadda za ka raba su sai ka tone duka. Kiri-kiri da aya-aya su ne manyan masu wannan ta'asa.

Ka kafce wurin zuwa zurfin santimita 25 zuwa 30, ka tsince jijiyoyi da 'yan ƙwallayen aya-aya da hannu. Sannan ka jiƙa ƙasar sosai kamar ka yi shuka, ka bar ta mako biyu. Duk irin da ke ɓoye zai tsiro. Ka nome sama-sama, kada ka juya ƙasa ka tono wani sabo, ka sake jiƙawa, ka sake jira. Wata ɗaya da ka ɓata a nan ya fi shekara uku na da-na-sani.

Game da gyaran ƙasa, ruɓaɓɓen taki mai kaurin yatsu biyu da za ka cakuɗa da ƙasar sama ya isa. Ɗanyen taki bai dace ba.

Mataki na 5: Dashe

Lokacin dashe shi ne lokacin da ciyawar ke shirin fara girma. A ƙasashen da ke da damina da rani, farkon damina ne bayan ruwa ya zauna. A ƙasashe masu hunturun ƙanƙara, na zafi ana dasa su bayan sanyi ya wuce ƙasa ta yi ɗumi, na sanyi kuwa da wuri, ko a farkon kaka. Zaɓi yamma ko ranar da ake lumshi.

Tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa har kumfa ta daina tashi. Haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar, amma zurfi daidai da ita, kada ya wuce. Zare shukar. In saiwa ta naɗe ta zama kamar tabarma, tsaga ta da wuƙa a wuri uku ko huɗu, ka warware ƙasan da yatsu. Ba za ta ji ciwo ba.

Yanzu ga wurin da ake yawan kuskure. Inda ganye ya haɗu da saiwa, wato wuyan shukar, nan ne rayuwarta take, daga nan kowane sabon toho ke fita. Dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa. Ka ɗora sanda a gicciye a bakin ramin ka gwada. In ya nitse ko da santimita uku ne, ruwa zai taru a kansa ya ruɓe. A ƙasa mai yumɓu gara ma ya ɗan ɗago sama. Mayar da ƙasa, danna da hannu ba da dunduniya ba, ka zuba ruwa a hankali har ya ratsa.

Tazara kuwa, ƙanana santimita 30, matsakaita 60 zuwa 90, manya mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A shekarar farko wurin zai yi kama da kan mai sanƙo, ranka zai raya maka ka ƙara cusa wasu. Daure. Shekarar farko saiwa take yi, ta biyu ta fara cika, sai a ta uku za ka ga ainihin girmanta. Ƙanana sun fi kyau in an tara su uku, biyar ko bakwai, babba guda ɗaya ta isa ta tsaya da kanta.

A ƙarshe lulluɓe ƙasa da ɓawon itace, busasshen ganye ko tsakuwa, kaurin santimita 5, amma ka bar fili kamar faɗin tafin hannu kewaye da wuyan. Inda gara ta yi yawa, tsakuwa ta fi.

Mai shuka a tukunya ya nemi mai faɗin santimita 30 zuwa 40 ko fiye, mai huji a ƙasa, ya kuma san cewa zai riƙa ban-ruwa fiye da mai dasawa a ƙasa. Mai son shuka iri ya barbaɗa shi a saman ƙasa mai laushi, ya danna, kada ya binne, yawanci cikin mako biyu zuwa uku zai tsiro. Sai dai yawancin nau'o'in da ke da zane ko launi na musamman ba sa gadar da shi ta iri, sai ta rabon gindi.

Mataki na 6: Ruwa da taki

A makonni shida zuwa takwas na farko, in ba ruwan sama, ba ta ruwa sau biyu ko uku a mako. Bayan haka sau ɗaya a mako, kimanin lita 25 ga kowane murabba'in mita, har ƙarshen shekarar farko. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin shi ne ke jan saiwa ƙasa. Kafin ka ɗauko buta, cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da sanyi-sanyi, mayar da butar. Zuba a gindi, da safe, ba a kan ganye ba. Daga shekara ta biyu yawancinsu ba sa bukatarka sai in fari ya yi tsanani, kuma za su faɗa maka da kansu: ganye zai naɗe a tsaye kamar tsinke.

Taki kuwa, hannu ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓe a kewayen gindi sau ɗaya a shekara ya wadatar, wasu ma ko shi ba sa so. Takin zamani mai yawan naitirojin, irin su yuriya, yana sa ta yi tsawo da sauri, kara ya yi laushi, iska ta farko ta shimfiɗe ta ƙasa. In ka ga ciyawarka ta buɗe ta kwanta ko'ina, kada ka ƙara mata komai, rage za ka yi: taki, ruwa ko inuwa, ɗaya daga cikinsu ya yi yawa.

Cuta ba ta cika damun su ba. Ɗigo-ɗigo ruwan tsatsa a ganye yana zuwa ne daga cunkoso da jiƙa ganye, sai ka cire wanda ya kamu, ka buɗe mata iska. Ganye rawaya daga ƙasa tare da wuya mai laushi da wari ruɓa ce, kuma ruwa ne sanadi.

Mataki na 7: Askin shekara

Ciyawa daga gindi take girma, ba daga kan ganye ba, shi ya sa yanka ba ya kashe ta. Amma kada ka yi saurin yanke ta don kawai ta bushe. Piet Oudolf, mai tsara lambuna ɗan ƙasar Holan, ya yi suna ne da barin busassun ciyayi a tsaye duk tsawon hunturu, kuma yana da gaskiya: launin zinariyar nan rabin kyan ne, tsuntsaye na cin irin, busasshen ganyen kuma yana kare wuyan. Lokacin aski shi ne dab da sabon toho, wato ƙarshen rani ko ƙarshen hunturu. Inda ake fargabar gobara ne kawai zan ce a yanke da zarar ta bushe.

Sa riga mai dogon hannu da safar hannu mai kauri, domin gefen ganyen yana da ƙananan haƙora masu sinadarin silika, irin na yashi da gilashi. Bubbuga gindin da doguwar sanda tukuna, maciji da ɓera suna son irin wannan maɓoya. Sannan ka ɗaure ciyawar duka da igiya a tsakiya, tamau, kamar dami. Yanka da lauje ko babban almakashi a ƙasan ɗaurin: ƙanana ka bar santimita 8 zuwa 10, matsakaita 15, manya 20 zuwa 30. Damin zai faɗo gaba ɗaya ka ɗauke, ba sai ka yini kana shara ba. In ka makara har koren toho ya fito, yanka a samansa, don ganyen da aka gutsure wa kai haka zai zauna da tabo. Kada ka cinna mata wuta don neman sauƙi.

Masu zama kore duk shekara, irin su Festuca da Carex, ba a yi musu ƙwal-kwabo. Ka tsefe su da yatsu daga ƙasa zuwa sama, mataccen ganye zai biyo hannunka.

Mataki na 8: Rabon gindi

Bayan shekara uku zuwa biyar, wata rana bayan aski za ka ga toho ya fito a zagaye, tsakiya kuwa ba komai sai ruɓaɓɓen kara. Gindin ya zama kamar gammo. Ba cuta ba ce, tsufa ne: ciyawar tana girma waje, cikin yana mutuwa. Festuca ma takan kai haka cikin shekara biyu ko uku. Maganin shi ne a raba.

Yi shi lokacin da toho ya fara leƙowa, ba lokacin da take fure ba, ba kuma lokacin da take barci ba, wato lokacin da ta tsaya da girma, domin a sannan saiwa ba ta da kuzarin kama ƙasa. Jiƙa ta sosai kwana ɗaya kafin aikin. Zagaye gindin da shebur, tazarar santimita 15 zuwa 20 daga gefensa, ka riƙa cusawa kana ɓanɓarowa har ya saki. Mirgine shi a gefe. Ƙanana da hannu ma ana yage su. Tsohon gindin Miscanthus kuwa tauri gare shi kamar katako, shebur zai yi ta tsalle a kansa, sai ka koma ga adda, gatari ko tsohon zarto. In ya fi ƙarfin ɗagawa, kada ka karya bayanka, sare shi gida-gida tun yana cikin ramin ka fitar ɗaya bayan ɗaya.

Zubar da mataccen tsakiyar, ka ɗauki na gefe masu ƙarfi. Kowane yanki ya kai kamar dunƙulen hannu biyu, da saiwarsa da toho aƙalla uku zuwa biyar. Saiwar ciyawa siririya ce, rana da iska na busar da ita cikin ɗan lokaci, don haka ka rufe yankunan da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa su a ranar. Guda ɗaya ya koma tsohon ramin bayan ka ƙara masa sabuwar ƙasa, wuya daidai da fuskar ƙasa kamar farko, ban-ruwa kuma ya koma irin na sabon dashe har mako shida. Sauran in ba ka da wurin su, cusa su a tukwane ka ajiye a inuwa na mako biyu kafin ka fitar da su rana.